SABON FAIFAN SOLA: A YABA AMFANI, A DUBA JURIYA



Kwanan baya na gangara bakin Kubanni, nan ƙasan Tudun Wada, na iske wani dattijo mai lambu yana ba albasarsa ruwa da injin fetur. Da muka gaisa sai ya kashe injin ya ce, "Malam, gara da Allah ya kawo ka. Na tara 'yan kuɗina zan sayi famfo mai aiki da hasken rana, in huta da sayen mai. Sai ɗana da ke karatu a Samaru ya ce wai akwai wani sabon faifai da a ke ƙerawa, ya fi na yanzu ƙarfi, zai kuma fi shi araha. To, in saya ko in jira?"

Na ba shi amsa a taƙaice, amma tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa. Tun daga shekarun 1980 injin fetur ya bazu cikin fadamu ya kori jigo. A ran 29 ga Mayu 1993 ba wanda ya damu da kuɗin mai kamar yadda aka damu bayan shekara talatin, gama ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan masu lambu, daga Galma har Kubanni, kowa idonsa na kan rana. Saboda haka yau za mu zauna mu bincika wannan sabon faifai, mu ga abin da ya iya da abin da ya rage masa.

Awo biyu

Kun sani in an kawo muku sabon iri, tambaya biyu ku ke yi. Ta fari, buhu nawa ya ke bayarwa? Ta biyu, yana jure fari da cuta da wuta-wuta? Irin da ya ba da buhu talatin bana, baɗi cuta ta share shi, ba iri ba ne. To, faifan sola ma da awo biyun nan a ke auna shi, watau yawan amfani da juriya.

Ga ma'anar yawan amfani. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, hasken da ke sauka kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya kai ƙarfin wat 1,000. Faifai ba ya iya mai da shi duka lantarki. Wanda ya ba da wat 200 daga ciki, sai a ce amfaninsa kashi 20 cikin ɗari ne. Faya-fayan kirki da ke kasuwa yanzu tsakanin 20 da 23 su ke. A ce famfonka yana bukatar faya-fayai na wat 1,200. In na kashi 20 ne, sai ka shimfiɗa murabba'in mita 6. In da za a sami na kashi 30, mita 4 sun ishe ka. Ka ga an rage ƙarfen girkawa, an rage waya, an rage nauyin ɗauka zuwa fadama.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na faya-fayan duniya da silikon a ke yin su, wani sinadari da a ke tacewa daga farin dutse da yashi. A Amurka aka fara yin na kirki cikin 1954, amfaninsa wajen kashi 6 kaɗai. An yi shekara saba'in ana gyara, har cikin 2024 aka haura kashi 27 a ɗakin gwaji. Amma lissafin masana ya nuna silikon shi kaɗai ba zai wuce wajen kashi 29 ba. Watau tsohon doki ya kusa kai iyakar gudunsa. Abin da ya sa a ke neman wani ke nan.

Asalin baƙon

Sunan sabon abin ferofsikait. Asali sunan wani dutse ne da wani Bajamushe, Gustav Rose, ya bayyana cikin 1839, daga duwatsun Ural na ƙasar Rasha, aka raɗa masa sunan wani basaraken Rasha mai sha'awar duwatsu, Lev Perovski. Amma wanda a ke yin faifai da shi ba dutsen nan ba ne, ba kuma haƙo shi a ke yi ba. Haɗa shi a ke yi, ya ci sunan ne don tsarin ƙwayoyinsa iri ɗaya ne da na dutsen.

In za a faɗa muku gaskiyarsa, wani irin gishiri ne. Ana haɗa dalma, da aidin irin wanda ku ka sani cikin gishirin miya, da wani abu na uku. Dalma da aidin su ke yin ginin, kamar ɗakuna a jere, na ukun kuwa ya zauna tsakiyar kowane ɗaki ya tokare shi. Ana narka su cikin ruwan magani, a shafa a kan gilashi kamar yadda a ke shafa tawada, a gasa da zafin da bai fi digiri 100 zuwa 150 ba, sai ya bushe ya zama baƙi. Silikon kuwa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400. Kaurin shafin bai kai ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba, amma yana shanye haske sosai. Daga nan a ke sa ran araha, wuta kaɗan, kaya kaɗan.

Cikin 2009 wani malami a Japan, Tsutomu Miyasaka, da mutanensa suka fara fitar da lantarki daga gare shi. Kashi 3.8 suka samu, kuma cikin 'yan mintoci ruwan da ke cikin na'urar ya narkar da shi. Cikin 2012 Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu da Michael Grätzel na Suwizalan, da kuma Henry Snaith na Jami'ar Oxford a Ingila, suka kawar da ruwan nan suka sa busasshen abu a madadinsa, amfani ya kai wajen kashi 10. Cikin 2023 ya haura 26. Tafiyar da silikon ya yi shekara sittin yana yi, wannan yaro ya yi ta cikin shekara goma sha huɗu.

Gero da dawa a gona ɗaya

Babbar dabarar ƙara amfani ba baƙuwa ba ce gare ku. Manomin ƙasar Zazzau ya san haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, kowanne ya ci rabonsa na ƙasa da ruwa da lokaci, a tashi da abin da ya fi na shuka ɗaya. To, hasken rana ma ba abu ɗaya ba ne, launi-launi ne, kamar yadda ku ke gani a bakan gizo. Silikon ya fi iya cin ɓangaren ja. In shuɗi ya faɗa masa, kaɗan ya ke amfana, sauran ƙarfin ya zama zafi, ya tafi a banza. Shi kuwa ferofsikait ana iya sāke haɗinsa, a ƙara wannan a rage wancan, har ya zama mai cin shuɗi da kore, ya bar ja ya wuce.

Sai masana suka ɗora shi bisa silikon, hawa biyu. Na sama ya ci nasa, na ƙasa ya ci abin da ya tsallake. Da wannan dabara kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 cikin 2023, ya kai 34.6 cikin 2024. Ka ga an ƙetare iyakar silikon.

Amma fa a lura. Waɗannan manyan lambobi na 'yan ƙananan gwaji ne, faɗinsu bai fi farcen babban yatsa ba. Kun san 'yar gonar gwaji da malamin gona ke lallaɓawa kullum ta kan ba da abin da eka goma ba za su ba da ba a kan lissafi ɗaya. Shafa abu ya bi daidai a kan farce dabam, shafa shi a kan faifai mai girman ƙyaure dabam. Cikin Satumba 2024 kamfanin Oxford PV, mai masana'anta a Jamus, ya aika da kayansa na farko na sayarwa zuwa Amurka, ya ce amfanin cikakken faifan kashi 24.5 ne. Ya fi na kasuwa, amma da sauran tafiya kafin 34.

Abokan gaba huɗu

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Mai faifan silikon na kirki ya kan ba da takardar lamuni ta shekara 25, cewa ko a ƙarshen lokacin nan faifan zai ba da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na fari. Ferofsikait na farko kuwa kwanaki kaɗan ya ke yi ya lalace. Abokan gabansa huɗu ne, kuma uku daga ciki 'yan gida ne a wurinmu.

Na fari laima. Mun ce gishiri ne, kun kuwa san abin da gishiri ke yi cikin Agusta in an bar shi a buɗe. Ruwa in ya shiga ferofsikait sai ginin ya rushe, baƙin nan ya koma rawaya, watau ya koma gishirin dalma da aidin, wanda ba ya ba da lantarki. Kamar ganyen masara ne, in ya yi rawaya ka san aiki ya tsaya.

Na biyu zafi. Abin da aka fara sawa a tsakiyar ɗakunan nan, mai suna metilamoniyam, ba shi da zama. In zafi ya yi yawa sai ya zama iska ya gudu. Kun ga yadda takin yuriya ke yi in an barbaɗa shi bisa ƙasa da rana ba a rufe ba, ƙarfinsa ya bi iska. Haka nan. Kada kuwa ku ce zafin Zariya bai kai ba. Cikin Maris da Afrilu, sa'ad da iska ta haura digiri 35, baƙin faifan da ke shanye cikin rana ya kan haura digiri 60. Sa'an nan da hunturu a kwana da sanyi a wuni da rana, kayan ciki suna miƙewa suna tsukewa kullum, har su soma rabuwa da juna.

Na uku iskar da mu ke shaƙa, in ta haɗu da haske. Su biyun tare su kan ci shi da sauri fiye da kowanne shi kaɗai.

Na huɗu kuwa daga cikin gida ya ke. Ƙwayoyin aidin ba su kafu da ƙarfi ba, in haske da lantarki sun motsa su sai su bar mazauninsu su yi ta yawo, kamar awaki a gonar da ba shinge. In sun isa ga siraran azurfar da ke kwashe lantarki sai su ci ta. Wannan ya fi wuyar magani, gama ko an toshe ƙofa ɓarawon yana ciki.

Magungunan da aka samo

Masana ba su zauna ba. Ga manyan gyare-gyare huɗu da suka yi.

Na ɗaya, sāke haɗi. Sun rage mai gudun nan, ko sun cire shi, suka sa waɗansu masu zama, fomamidiniyam da siziyam. Cikin 2016 masana a Lozan ta Suwizalan suka nuna gauraya uku ta fi guda ɗaya juriya da amfani. Wannan ba shi da bambanci da aikin masu barbarar iri, a ɗauko yawan amfani daga wannan, juriya daga wancan.

Na biyu, yaɓe. Shafin nan ba sumul ya ke ba, ƙwaya-ƙwaya ne, kuma daga mahaɗarsu ɓarna ke farawa, nan kuma lantarki ke zurarewa. Sai a ke shafa wani siririn abu mai korar ruwa ya cike tsagogin. Maginan Zazzau sun daɗe da sanin wannan, shi ne aikin makuba a jikin bangon ƙasa. Daɗin abin, wannan gyara yana ƙara juriya da amfani gaba ɗaya.

Na uku, shinge. Ana sa wani shafi tsakanin ferofsikait da ƙarfen da ke kwashe lantarki, don ya tare aidin. Waɗansu ma sun bar azurfa suka koma ga sinadarin gawayi, wanda aidin ba ya ci. Cikin 2017 aka ba da labarin wani irin wannan da ya yi fiye da awa 10,000 ƙarƙashin fitilar gwaji bai rage ƙarfi ba, ko da ya ke amfaninsa bai kai na sauran ba. A nan sai da aka sayar da amfani aka sayi juriya.

Na huɗu, rufi. Ana matse shi tsakanin gilashi biyu, a liƙe gefe da wani irin danƙo, ba iska ba laima. Wanda ya taɓa ajiye wake cikin buhun nan mai ciki uku ya san sirrin, muddin ba huda, wake lafiya, in an sami huda ko ta allura, ƙwari sun samu. Akwai kuma masu shafa shi a kan leda, musamman a Japan, a sami faifai marar nauyi da a ke naɗewa kamar tabarma. Wannan zai yi wa mai lambu daɗi, ya naɗe abinsa da yamma ya kai gida saboda ɓarayi. Sai dai leda ba ta tsare laima kamar gilashi.

Kafin a yarda da kowane faifai akwai jarrabawar da a ke yi masa. Ana sa shi cikin ɗaki mai zafin digiri 85 da laima kashi 85 cikin ɗari har awa 1,000. Ana kuma kai shi daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa zafin 85, a komo, har sau 200. Waɗansu faya-fayan ferofsikait sun ci wannan jarrabawa. Amma don silikon aka tsara ta, cututtukan baƙon kuwa dabam ne, musamman in haske da zafi sun haɗu masa. Kuma abin da aka haifa cikin 2009 ba wanda zai ce ya ga ya shekara 25 a rana. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Maganar dalma

Akwai abin da ya shafi manomi fiye da kowa. Dalma guba ce. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dalmar da ke cikin sabon faifan kaɗan ce, ba ta kai giram ɗaya a murabba'in mita ba, batirin mota ɗaya kuwa yana da kilo da yawa. Amma ita irin mai narkewa cikin ruwa ce. Cikin 2020 waɗansu masana suka shuka na'ana'a a ƙasar da aka zuba wa ferofsikait, suka iske shukar tana zuƙar dalmarsa wajen ninki goma fiye da dalmar da ta saba zama cikin ƙasa. Mai latas da alayyafo da kabeji ya kamata ya ji wannan da kunnen basira, gama faifansa bakin rijiya ya ke, kusa da fangali.

Ana gwada sa kuza a madadin dalma, amma kuza na saurin ɓaci in ta sha iska, amfaninta kuma bai kai na dalma ba. Ana kuma gwada liƙa wani shafi da zai kama dalmar in gilashi ya fashe. Duk wanda zai kawo mana wannan kaya, sai ya faɗi wanda zai karɓi fasasshe da wanda ya mutu.

To, a saya ko a jira?

Ga abin da na gaya wa dattijon nan, shi zan gaya muku.

Wanda ya ke da hali, ya sayi na silikon yanzu. Don ganin hadari ba a zubar da ruwan tulu. Kowane rani da ka jira, kuɗin fetur ne ka ƙona.

Kada araha ta ruɗe ka, ka raba kuɗi da shekaru. Misali, faifan naira 100 da zai shekara 25, naira 4 ke nan a shekara. Na naira 50 da zai mutu cikin shekara 5, naira 10 ke nan. Wanne ne mai tsada?

Ka karanta takardar da ke manne bayan faifai, ko ka sami mai karanta maka, sunan kamfani da yawan wat. Ka sa a auna shi a rana a gabanka. Ka tuna wat ɗin da aka rubuta na zafin digiri 25 ne, in faifan silikon ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a kowane digiri 10. Saboda haka ka ɗaga shi daga ƙasa iska ta ratsa ƙarƙashinsa.

Da hunturu ka riƙa share ƙura da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma. Kada ka watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi.

In wata rana mai kaya ya ce maka ga sabon nan ya iso, ka yi masa tambaya uku. Shekara nawa ne lamuninsa a rubuce? A ina aka gwada shi cikin zafi da damina irin tamu? In ya fashe wa zai karɓa? In ya amsa duka, ka sayi ɗaya ka girka kusa da tsohon, ka ga damina biyu da bazara biyu tukuna. Gani ya kori ji.

Kowane faifai ne ya fashe, kada a jefa shi cikin rafi ko rijiya ko juji, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Sauran magana ga malamanmu. Tun 1922 a ke aikin binciken noma a Samaru, kuma irin masara da dawa da wake da suka fito daga can, masu sunan SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA, ba a sake su ga jama'a sai an gwada su wuri-wuri, har a gonakin manoma. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a nan, muna da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato tun 1982. Abin da ya jure sanyin Jamus ba lalle ne ya jure Afrilun Zariya da Agustanta da ƙurar Janairu ba. Muna roƙo a yi wa sabon faifan abin da a ke yi wa sabon iri, a shanya shi a rana tamu, a riƙa aunawa wata-wata, a faɗa wa manoma sakamako da Hausa.

Dattijon nan dai ya ce da ya sayar da albasa zai hau Sabon Gari ya yi ciniki, ɗansa kuma zai raka shi ya karanta masa takarda.

Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.